Na'urar kallon faifai a Saudiyya: tambayoyi da amsoshi kafin ka fitar da riyal ɗinka

Yawancin kallo ya koma waya da intanet, amma har gobe akwai gidajen Hausawa a Makka da Jidda da Madina da ke da kwali ko jaka cike da faya-fayai: na bikin 'ya, na tafsirin azumi da aka ɗauka a Kano ko Sakkwato, na karatun Alƙur'ani, na finafinan Hausa na shekarun baya. Ranar da tsohuwar na'ura ta mutu ake gane darajarsu. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu neman sabuwa, kuma duk amsoshina a kan abu ɗaya suka tsaya: faya-fayan da ke gidanka su za su zaɓa maka na'ura.

Daga ina zan fara?

Daga kwalin faya-fayanka, kafin ka taka kasuwa. Ka zazzage su, ka duba tambarin da ke jikin kowanne, ka ware su kashi-kashi. Iri huɗu za ka iya samu. Akwai VCD, wanda ya fito a 1993, kuma shi ne ya ɗauki kasuwar finafinan Hausa bayan kaset ya ja baya. Minti 74 zuwa 80 kawai yake ɗauka, shi ya sa dogon fim ko doguwar lacca sai an raba a faifai biyu ko uku. Akwai DVD, wanda ya fara fita a Japan a 1996, mai cin gigabait 4.7, ko 8.5 idan mai hawa biyu ne. Akwai Blu-ray na 2006, mai gigabait 25 ko 50. Sai Blu-ray mai 4K na 2016, wanda da wuya ka same shi a gidajenmu.

Bayan nan ka juya kowane faifai ka kalli bayansa a haske. Idan fari ne fes kamar azurfa, to daga masana'anta ya fito. Idan ka ga launin shunayya, DVD ne da wani ya ɗora wa abu a kwamfutarsa. Idan ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, sidi ne na ɗorawa. Sau da yawa har za ka ga zoben da ke nuna inda rubutun ya tsaya, cikin ya fi duhu, bakin ya fi haske. Waɗannan na ɗorawa su ne masu ba na'ura wahala, kuma su ne mafi yawa a hannunmu.

Ai na ji an ce Blu-ray ta fi kowace. In na saye ta ba shi ke nan ba?

A nan mutane suka fi yin asara. Gaskiya ne hoton Blu-ray ya fi kyau nesa ba kusa ba, kuma na'urarta tana karanta DVD. Amma da yawa daga cikinsu ba sa karanta VCD sam, domin an ƙera su ne don ƙasashen da VCD bai taɓa yin kasuwa ba. Sai mutum ya kashe kuɗi mai yawa, ya dawo gida da murna, ya saka tafsirin da ya shekara goma yana ajiye, ta tofo masa shi. Ga maƙwabcinsa da ƙaramar na'urar DVD mai araha, tana karanta komai ba gardama.

Dalilin yana cikin idon na'urar. Kowane irin faifai da hasken da ke karanta shi: sidi da VCD suna buƙatar haske mai tsawon nanomita 780, DVD jan haske mai 650, Blu-ray shuɗi mai 405. Bayan ido ya karanta, sai kuma ƙwaƙwalwar na'urar ta san tsarin da aka jera bidiyon a kai. Na'ura tana iya samun idon karanta sidi, ta kunna maka ƙira'a lafiya lau, amma ba a koya mata tsarin VCD ba. Don haka ganin tambarin sidi a kwali bai isa ba. Sai ka ga an rubuta VCD ko Video CD ƙarara a kwalin ko a littafin da ke ciki.

Ra'ayina shi ne: idan fiye da rabin abin da ke kwalinka VCD ne da DVD na ɗorawa, ka sayi na'urar DVD mai ramin HDMI (na wayar haɗa ta da talabijin ɗin zamani) da na filas, ka huta. Blu-ray ta wanda yake sayen finafinai na asali ne, yana da babban talabijin, kuma yana damuwa da tsabtar hoto. Wanda yake son duka biyun ya ajiye na'ura biyu, ba abin kunya ba ne.

Mece ce lambar yanki da ake ta magana? Faifan da na zo da shi daga gida zai yi a nan?

Kamfanonin finafinai sun raba duniya gida shida a tsarin DVD, don su riƙa sakin fim a kowane yanki a lokacin da suka ga dama da farashin da suka ga dama. Yanki na 1 Amurka da Kanada. Na 2 Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya da Masar da Afirka ta Kudu, kuma a nan Saudiyya take. Na 3 kudu maso gabashin Asiya da Koriya ta Kudu. Na 4 Latin Amurka da Ostareliya. Na 5 sauran Afirka da Indiya da Rasha, wato har da Najeriya da Nijar da Ghana da Sudan. Na 6 Sin. Za ka ga lambar a bayan kwalin faifan cikin ɗan zanen duniya, kuma akwai irinta a bayan na'urar. In lambobin ba su yi daidai ba, na'urar za ta ƙi.

To ka ga Saudiyya 2, gida 5. Wannan shi ne abin da ke tsorata mutane, amma tsoron ya fi matsalar girma. VCD ba shi da lambar yanki kwata-kwata. Faifan da mai ɗaukar biki ya ɗora a shagonsa ba shi da ita. Galibin abin da aka saya a kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a zamanin da harkar ke ci, ba a kulle shi ba. Inda za ka ci karo da makullin shi ne faifan asali na kamfani: fim ɗin Indiya da aka sayo daga can, ko wanda ɗan'uwa ya aiko daga Amurka.

A Blu-ray rabon ya bambanta, gida uku ne da haruffa. A na nahiyar Amurka da Japan da Koriya da kudu maso gabashin Asiya. B na Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, wato a nan mu da gida duk ɗaya muke. C na Indiya da Sin da Rasha. Blu-ray mai 4K kuwa ba a kulle shi da yanki. Sai dai a kula, na'urar Blu-ray makulli biyu gare ta: harafi don Blu-ray, lamba don DVD.

Mafita ita ce na'urar da aka rubuta ALL ko 0 a bayanta, ko aka ce tana karanta dukkan yankuna. Ƙananan na'urori da yawa a buɗe suke zuwa. Kada dai ka tsaya a kan maganar mai shago, ka gwada da faifanka.

Hoton ya fito fari da baƙi, ko yana ta gudu sama. Na'urar ce ta lalace?

Ba ta lalace ba. Tsarin hoto biyu ne suka yi karo. PAL, wanda Najeriya da Turai ke amfani da shi, yana da layi 576 da hoto 25 a daƙiƙa. NTSC na Amurka da Japan yana da layi 480 da hoto kusan 30. Idan faifan NTSC ne, tsohon talabijin ɗin kuma PAL kaɗai ya sani, launi zai ɓace. Ka shiga saitin na'urar da rimot, ka nemo wurin tsarin talabijin, ka mayar da shi PAL. Talabijin ɗin zamani da ake sayarwa a nan suna karɓar duka biyun, musamman ta wayar HDMI. Wanda za a guje wa shi ne na'urar da aka ƙera don kasuwar Amurka, domin da yawansu ba sa nuna PAL.

Yaya, faifan bikina yana yi a kwamfutar ɗana, amma na'ura ta ce babu faifai. Me ya sa?

Wannan tambaya ta fi kowace taɓa zuciya, domin fim ana sake saya, biki kuwa ba a maimaita shi, kuma wasu da ke cikin hoton sun riga mu gidan gaskiya. Abu huɗu ne ke jawo haka.

Na farko, mai ɗorawar bai rufe faifan ba. Bayan an gama rubutu akwai matakin ƙarshe da ke shaida wa kowace na'ura inda abin ya fara da inda ya ƙare. In an tsallake shi, kwamfuta takan iya lalubowa, na'urar ɗaki ba ta iyawa. Na biyu, ba a ɗora shi a tsarin DVD na kallo ba, an kwafa fayil ne kawai kamar yadda ake zubawa a filas. Ɗanki ya buɗe faifan a kwamfuta ya duba: idan ya ga jaka mai suna VIDEO_TS, DVD ne na sosai, idan ya ga MPEGAV da fayil mai ƙarewa da DAT, VCD ne, idan fayil guda ya gani mai ƙarewa da MP4, to sai na'urar da ta san wannan tsarin. Na uku, akwai DVD-R da DVD+R, kuma wasu tsofaffin na'urori ɗaya kawai suke karɓa, ko da yake na yanzu kusan duk suna cin biyun. Na huɗu shi ne faifan kansa ya gaji. Na ɗorawa da wani rini ake yin sa, wanda zafi da rana ke kashewa a hankali. Idon kwamfuta ya fi naci, yana sake karantawa sau da yawa har ya samu, na'urar ɗaki kuwa da ta gwada kaɗan sai ta haƙura.

In har kwamfuta tana karantawa a yau, to yau ɗin nan a kwafe shi. Kada a bari sai an jima.

Na ga tana da ramin filas. Ke nan duk abin da na turo daga waya za ta nuna?

A'a, kuma wannan ramin ya yaudari mutane da yawa. Yawancin na'urorin DVD masu araha tsohon tsarin bidiyo suka sani, wato DivX da Xvid a fayil ɗin AVI, da MPEG, kuma faɗin hoton kada ya wuce 720 a 576. Bidiyon da ake turawa ta WhatsApp ko wanda waya ta ɗauka MP4 ne mai tsarin H.264, sababbin wayoyi ma H.265 suke yi. Sai ka ga sunan fayil ɗin ya fito a allo, ka danna, ta ƙi, ko murya ta fito babu hoto. Rubutun MP4 ko MPEG-4 a kwali ba tabbaci ba ne, sai ka ga H.264.

Filas ɗin ma da nasa sharaɗi. Tsofaffin na'urori FAT32 kaɗai suke gani, kuma a wannan tsarin fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4. Manyan filas da ake sayarwa yanzu da exFAT suke zuwa, sai na'urar ta yi kamar ba a saka komai ba. Ƙaramin filas mai gigabait 16 ko 32 ya fi dacewa da ita. A wannan fannin Blu-ray ta yi wa DVD fintinkau, haka ma ramin filas na talabijin ɗin zamani, wanda wataƙila kana da shi a ɗaki ba ka taɓa gwadawa ba.

Sabon talabijin ɗinmu ba shi da ramuka ukun nan, rawaya da ja da fari.

Haka ake yin su yanzu. Ka nemi na'ura mai HDMI, waya ɗaya ta ɗauki hoto da murya. Idan tsohuwar na'urarka tana aiki kuma kana ƙaunarta, akwai ƙaramin akwati da ke juya wayoyi ukun zuwa HDMI. Ka lura da alkiblarsa, domin akwai mai yin akasin haka kuma kamarsu ɗaya. Wani abu da ya kamata a sani tun da wuri: VCD layi 288 ne kawai, in an baza shi a allo mai inci 55 zai fito dishi-dishi ko da kwalin na'urar ya yi alkawarin ɗaga hoto zuwa 1080. Abin da kyamara ba ta ɗauka ba, babu na'urar da za ta ƙirƙiro shi.

Wutar Saudiyya fa? An ce ta bambanta da ta gida.

Ta bambanta ta fuska biyu. Bugunta 60 ne a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar 50. Sannan tsofaffin gidaje da yawa, irin waɗanda ake haya a tsofaffin unguwannin Makka da Jidda, suna da soket iri biyu a ɗaki ɗaya, mai ƙarfin 127 da mutane ke kira 110, da mai 220, ko da yake tun 2010 hukuma ta yanke shawarar mayar da ƙasar kan 230 sannu a hankali. Ka juya bayan na'urar ka karanta ƙaramar takardar da ke manne. Idan ka ga 100-240V da 50/60Hz, ko'ina za ta yi, nan da gida. Idan 120V kaɗai ka gani, ta Amurka ce, kuma da zarar ta shiga soket mai 220 sai hayaƙi. Irin waɗannan suna yawo a kasuwar kayan hannu.

Sabuwa zan saya ko ta hannu? Kuma a ina?

Manyan shaguna irin su eXtra da Jarir sun rage ajiye su, hankali ya koma kan talabijin masu intanet. An fi samu a Amazon da Noon, da ƙananan shagunan kayan lantarki na Balad a Jidda ko Batha a Riyad, sai kasuwannin kayan hannu irin Harajin Sawarikh na Jidda. Matsalar saye ta intanet ita ce ba za ka gwada ba, kuma wani lokaci kayan daga wata ƙasa ake kawo su da lambar yankin can. In ta nan za ka saya, ka karanta sharaɗin mayarwa tukuna, kuma ranar da ta iso ka gwada komai.

Idan shago za ka je, ka tafi da kayan gwajinka a aljihu: VCD ɗaya, DVD na ɗorawa ɗaya, wanda ya fi kowanne ƙarzuwa a cikin waɗanda har yanzu suke yi, faifan asali in kana da shi, da filas mai ɗauke da bidiyo daga wayarka. Ka roƙi mai shago ya haɗa ta da talabijin. Kada ka gamsu da fitowar hoton farko. Ka tura fim ɗin zuwa kusa da ƙarshe, domin faifai daga ciki ake karanta shi zuwa waje, kuma a bakin waje ne ido mai rauni yake tona kansa, a nan ne kuma yatsu suka fi ɓata faifai. Ka buɗe tiren ka rufe sau uku ko huɗu. Ka kasa kunne ka ji ko tana gurnani. Ka tabbata rimot nata ne, don wasu saitin ba a shigarsu sai da shi. Mai shagon da ya hana ka gwaji, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce na gaba.

Sabuwa tana da garanti, kuma Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar koken mai saye ta lamba 1900, amma duk wannan sai da fatura, wato rasit ɗin saye. Ka ɗauki hoton faturar da waya, domin rubutunta gogewa yake yi cikin 'yan watanni a zafin nan.

Wane kamfani ya fi?

Kasuwar ta tsuke. Oppo ta daina ƙera na'urorinta a 2018, Samsung ta daina fitar da sababbin Blu-ray a 2019. Sony da Panasonic ne manyan da aka fi gani har yanzu. Na manyan kamfanoni sun fi ƙarko, amma sun fi tsauri wajen bin makullin yanki. Marasa suna sun fi sassauci wajen karɓar kowane faifai, sai dai idonsu bai cika daɗewa ba. Ko a kamfani ɗaya, samfuri ya bambanta da samfuri, don haka lambar samfurin za ka bincika.

Yaran gida suna da PlayStation. Ba za ta wadatar ba?

PlayStation 4 da 5 masu ramin faifai suna nuna DVD da Blu-ray, ta 5 har da mai 4K. Amma ba sa karanta sidi, don haka babu VCD, babu faifan ƙira'a. Kuma suna bin lambar yanki a finafinai.

Ina cikin kallo a Blu-ray sai murya ta ɗauke, rubutu ya fito a allo.

Wannan wani tsaro ne mai suna Cinavia, da aka wajabta a na'urorin Blu-ray tun 2012. Ana ɓoye alama a cikin sautin fim ɗin asali, idan na'ura ta ji ta a kwafin da ba na halal ba, bayan kamar minti 20 sai ta kashe murya. Ba ya shafar faifan biki ko wa'azi. Ni dai ban ga laifin tsarin ba, don mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da 'yan kasuwar finafinai a gida.

Da tana karanta komai, yanzu sai ta yi ta juyi ta rubuta No Disc.

Ka fara da faifan. Ka goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, a miƙe, kada ka bi zagaye, domin ƙarzuwar da ta bi layin rubutu ta fi ɓarna. In faya-fayai da yawa ta ƙi, to ido ne. Mai gyara zai kwance murfin, ya nuna maka wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, zaune a kan sanduna biyu na ƙarfe. Sau da yawa ƙura ce ta yi masa lulluɓi, da ya shafa auduga a hankali sai na'urar ta farfaɗo. Idan tana karanta sidi ta ƙi DVD, ko akasin haka, ɗaya daga cikin fitilun idon ne ya mutu, kuma a ƙaramar na'ura kuɗin canjin yakan kusa kai na sabuwa. Tiren da ya ƙi buɗewa kuwa galibi wata 'yar robar bel ce ta saki, gyaran minti biyar.

Don ta daɗe, kada a ɗora ta a kan wani abin da ke zafi, kada a kulle ta a kabad marar iska, a rufe ta da ƙyalle idan ba a amfani da ita. Hayaƙin turaren wuta ma yana dasƙarewa a kan idon, don haka a nisanta kasko da ita.

Ina so in kai wa Hajiya tsaraba gida. Me zan duba?

Wutar da ta kama daga 100 zuwa 240, ramuka ukun nan idan talabijin ɗinta tsoho ne, tambarin VCD, da buɗaɗɗen yanki tunda za ta bar 2 ta koma 5. Ka zaɓi mai rimot da manyan maɓallai, wanda dattijuwa za ta iya sarrafawa ba sai ta kira jika ba. Garantin nan da wuya ya bi ta can, saboda haka ka gwada ta sosai kafin ka ɗaure kaya. In ka isa, ka haɗa mata da sitabilaiza, don hawa da saukar wuta da janareta sun fi komai kashe irin waɗannan na'urori. Idan mai ɗan allo da batir ce, ka riƙe ta a jakar hannu a jirgi.

Ta yaya zan kwafe faya-fayan kafin su mutu?

Kwamfutocin yanzu ba su da ramin faifai, amma ana sayar da na waje mai haɗuwa ta USB, kuma ba shi da tsada. Ka saka faifan, ka kwafe jakar VIDEO_TS gaba ɗaya, ko fayil ɗin DAT idan VCD ne. Manhajar VLC, wadda kyauta ce, tana buɗe duka biyun. Ka fara da na ɗorawa masu launin shunayya da kore, da waɗanda ba su da na biyu a duniya: biki, suna, saukar Alƙur'ani, muryar mahaifi. Ka ba kowace jaka suna da shekara. Ka ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya ka aika wa wani ɗan'uwa a gida. Faifan da ya tsaya a tsakiyar kwafi, ka goge shi ka sake, ko ka gwada a wata kwamfutar, don wani idon yana karanta abin da wani ya kasa. Su kuma na asalin a mayar da su cikin kwalinsu, a jera su a tsaye a wuri mai sanyi, kuma kada a bar ko ɗaya a mota da rana.